Teku na Hawa, Ƙasa na Sauka: Abin da Ma'aunai ke Nunawa a Ƙarƙashin Legas

Duk wanda ya saba shiga tsofaffin gidajen unguwannin bakin ruwa a Legas ya san irin ɗakin nan da sai an sauka mataki ɗaya ko biyu kafin a taka daɓensa. A bakin ƙofa an gina ɗan dakali don tare ruwa, bayan wasu shekaru an ɗora masa bulo guda, yanzu tsofaffi sai sun dafa bango kafin su tsallaka. In ka tambayi mai gidan, zai ce titi ne ake ta ɗagawa duk lokacin da aka zo gyara, kuma da gaskiyarsa. Sai dai binciken da aka yi da radar tauraron ɗan adam cikin shekaru goma da suka wuce ya ƙara wani abu a kan wannan bayani: a sassa da dama na birnin, ƙasar da gidan ke zaune a kai ita ma sauka take yi.

Wannan ne ya sa masu nazarin gaɓar teku suka daina tambayar nawa teku ya hau kawai. Abin da ke shigo wa mutum ɗaki shi ne jimillar abu biyu, hawan ruwa da saukar ƙasa. Na farkon lamari ne na duniya baki ɗaya. Na biyun kuwa a cikin unguwa ake haddasa yawancinsa, da burtsatse da cikon yashi da nauyin gini, kuma a wurare da yawa shi ya fi sauri.

Lissafin teku shi ne mai sauƙi. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa tsakanin 1901 da 2018 matsakaicin tsayin teku ya ƙaru da kimanin santimita 20. Daga 1901 zuwa 1971 hawan bai wuce milimita 1.3 a shekara ba. Tsakanin 2006 da 2018 ya kai milimita 3.7. Taurarin da ke auna fuskar teku tun 1992 sun nuna ƙarin kimanin santimita 10 daga 1993, kuma hukumar NASA ta ce saurin ya kai wajen milimita 4.5 a shekara zuwa 2023. Dalilai biyu ne manya: ruwa na kumbura idan ya ɗumama, sannan ƙanƙarar Girinlan da Antatika da ta kan duwatsu na narkewa tana kwarara cikin teku. Hasashen wannan kwamiti zuwa 2100 ya kama daga santimita 28 zuwa 55 idan duniya ta rage hayaƙi ƙwarai, zuwa santimita 63 har mita 1.01 idan aka bar shi ya yi ta ƙaruwa.

Yanzu a ɗora saukar ƙasa. A ɗauki unguwar da ke lotsawa santimita ɗaya a shekara, wanda ba baƙon adadi ba ne a biranen gaɓa: wani bincike na Jami'ar Rod Ailan ta Amurka da ya fito a 2022 ya duba birane 99 na bakin teku, ya samu cewa a 33 daga cikinsu akwai sassan da ke sauka da wannan saurin ko fiye. Cikin shekara talatin ƙasa ta sauka santimita 30, teku ya hau kusan 14. Jimilla ta kusa santimita 45, wato tsayin bulo biyu. Kashi biyu cikin uku na wannan dakalin da mai gida zai ƙara, ƙasa ce ta jawo masa shi.

Yadda ake auna santimita daga sararin sama

Na'urar da ta sauya wannan fanni ita ce tauraron Sentinel-1 na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, wanda aka harba na farkonsa a Afrilun 2014, kuma hotunansa kyauta ne ga kowa. Yana kewayo a nisan kusan kilomita 700, yana dawowa kan wuri guda duk kwana 12. Ba kyamara yake ɗauke da ita ba, rada ce: yana aiko da igiyar lantarki mai tsawon santimita 5.6, ta bugi rufin kwano ko gada ko bango, ta koma. Gajimare ba ya tare ta, dare ma bai hana ta aiki, abin da ya dace da gari mai hadari kamar Legas.

Dabarar tana cikin kwatanta hotuna biyu na wuri ɗaya. Idan rufin ya sauka tsakanin zuwan farko da na biyu, igiyar za ta yi tafiya mai ɗan tsawo, ta dawo a wani matsayi daban na zagayenta. Da yake zuwa da dawowa take yi, cikakken zagaye ɗaya na nufin motsin santimita 2.8. Da hotuna biyu kacal ba a samun abin dogaro. Ana tara hotuna gommai, wani lokaci fiye da ɗari, na shekaru uku zuwa shida, a zaɓi wuraren da ke mayar da igiya iri ɗaya kullum, a bi kowanne a ga layin saukarsa. A nan ne ake kaiwa ga daidaiton 'yan milimita a shekara.

Inda aikin ke lalacewa shi ya kamata mai karanta irin waɗannan taswirori ya sani. Tururin ruwa a iska na jinkirta igiyar, kuma iskar Legas cike take da laima. Hadarin rana ɗaya na iya haifar da kuskuren santimita da yawa, wanda sai yawan hotuna ne ke wanke shi. Ciyayi da fadama da fuskar ruwa ba sa mayar da igiya iri ɗaya sau biyu, don haka taswirar kan zama fanko a can. Haka ma filin da ake kan aikin gini: yau yashi, gobe tarin bulo, jibi rufi. Ma'ana, wuraren da aka cike kwanan nan a Lekki da Ajah, waɗanda su ne suka fi saurin zama, su ne kuma suka fi wuyar aunawa. Sannan radar a karkace take kallo, don haka ana haɗa hotunan da aka ɗauka tauraron na tafiya arewa da waɗanda aka ɗauka yana tafiya kudu kafin a ware saukar tsaye daga motsin gefe.

Matsala mafi girma ita ce radar ba ta san sifili ba. Abin da take faɗa shi ne wuri kaza ya sauka idan aka kwatanta da wuri kaza. Mai bincike ne ke zaɓar wurin da zai ɗauka a matsayin tsayayye, kuma in wurin nan shi ma yana sauka milimita uku, duk taswirar ta rage milimita uku. Maganin shi ne tashar GPS ta dindindin da aka kafa a kan tushe mai zurfi, da ma'aunin tsayin teku da ya daɗe yana aiki ba yankewa. Yammacin Afirka na da ƙarancin duka biyun. Shi ya sa bincike biyu kan Legas za su iya yarda a kan unguwannin da ke sauka amma su saɓa a kan adadi, kuma wanda ya ɗauko lamba mafi girma a taswira ya ce "Legas na nutsewa da santimita kaza" ya ɗauki ɗigo ɗaya ne ya shafa wa gari duka.

Akwai kuma wani abu da injiniyoyi suka fi kowa lura da shi: rufi radar ke gani. Dogon benen da ke tsaye kan turakun kankare masu zurfi zai fito a taswira ba ya motsi, alhali harabarsa na sauka. Alamarsa a ƙasa ita ce matakalar shiga ta rabu da bango, bututun ruwa da na bayan gida na yawan karyewa daidai inda suka fito daga ginin.

Wani binciken da ya mai da hankali kan Legas shi ne na Leonard Ohenhen da Manoochehr Shirzaei na Jami'ar Virginia Tech, wanda ya fito a mujallar Earth's Future a 2022. Sun yi amfani da hotunan Sentinel-1, kuma abin da ya bambanta aikinsu shi ne ba su tsaya a saurin sauka ba, sun lissafa bambancin sauka tsakanin wurare maƙwabta, domin wannan ne ke tsaga gini. A shekarar kuma wata tawaga daga Jami'ar Fasaha ta Nanyang a Singafo ta wallafa nazarin manyan biranen gaɓa 48, Legas na ciki. A 2024 mujallar Science ta kawo na birane 82 na ƙasar Sin, inda aka samu kashi 45 cikin 100 na filayensu na sauka fiye da milimita 3 a shekara, kashi 16 kuma fiye da milimita 10. Dalilan da ake ta ambata a duk waɗannan su ne zuƙar ruwan ƙasa da nauyin gine-gine.

Me burtsatse ke yi wa yumɓu

Legas ba ƙasa ɗaya ba ce. Agege da Ikeja na kan tudu, filin jirgin sama na Murtala Muhammed ya kai kusan mita 40 sama da teku, ƙasarsu kuma jar ƙasa ce da yashi mai ƙwari. Tsibirin Legas, Victoria Island, Lekki, Apapa da Ijora kuwa 'yan mitoci kaɗan ne sama da ruwa, kuma a ƙarƙashinsu akwai shimfiɗu bisa shimfiɗu na yashi, yumɓu mai taushi, da baƙin taɓon da ruɓaɓɓun itatuwan fadama suka bari.

Ƙa'idar da ke bayyana abin da ke faruwa injiniya Karl Terzaghi ya tsara ta tun shekarun 1920. Nauyin duk abin da ke sama, ƙasa da gini da titi, abu biyu ne ke ɗauke da shi: ƙwayoyin ƙasa da ke jingine da juna, da kuma ruwan da ke matse a tsakaninsu. Idan aka zuƙe ruwa matsinsa ya ragu, kason da yake ɗauka sai ya koma kan ƙwayoyin. Saukar matsin ruwa da mita 10 daidai yake da ɗora kusan tan 10 a kan kowace murabba'in mita ta shimfiɗar da ke ƙasa, ba tare da an ɗora ko bulo ɗaya a sama ba. Yashi na jure wannan, yana ɗan matsewa kuma yana ɗan dawowa idan ruwa ya dawo. Yumɓu ba haka yake ba. Ƙwayoyinsa falle-falle ne, da sun kwanta sun kwanta ke nan, kuma ruwa a hankali yake fita daga cikinsa, don haka yumɓu mai kauri kan ci gaba da matsewa shekaru bayan an rage zuƙa. Abin da ya sauka ba ya tasowa. Iyakar abin da ake iya yi shi ne tsayar da shi.

Kuma an tsayar da shi a wasu wurare. Gabashin Tokyo ya sauka fiye da mita huɗu a ƙarni na ashirin, gwamnati ta taƙaita zuƙar ruwan ƙasa a shekarun 1960 da 1970, ta samar wa masana'antu wani ruwan, saukar ta kusa tsayawa cak. Bankok ta sa haraji mai nauyi kan ruwan burtsatse tare da faɗaɗa ruwan famfo, saukarta ta ragu sosai. Jakarta ta makara, arewacinta ya sauka mita da yawa, yana cikin dalilan da suka sa Indunusiya ta fara gina sabon babban birni a tsibirin Borneo. Darasin Tokyo da Bankok ɗaya ne: ruwan famfo ya riga doka zuwa, ko kuma sun zo tare.

A nan Legas ke da rauni. Matatar ruwa ta Iju ta fara aiki a 1915, Adiyan ta zo da galan miliyan 70 a rana, kuma duk ƙarfin matatun hukumar ruwa ta jihar a takarda kimanin galan miliyan 210 ne a rana, alhali ƙiyasin buƙata da hukumar ta daɗe tana ambata ya kai miliyan 540. Giɓin nan burtsatse ne ke cike shi. Ɗan garuwan da ke tura kura da jarkoki goma ko sha biyu a Obalende ko Idi-Araba ƙarshen wannan sarƙa ne, kuma kurarsa duka ba ta wuce lita 250 zuwa 300 ba. Famfon burtsatse na rukunin gidaje ko otal ko masana'antar lemo na iya zuƙe wannan cikin 'yan mintoci. Duk dokar da za ta fara da kamun 'yan garuwa ta kama reshe ne.

Gishiri na biye

Zuƙar ruwa a bakin teku na da illa ta biyu da ta fi saurin bayyana. Ruwan daɗi ya fi ruwan teku sauƙi, lita ɗaya kilo 1.000 ne, ta teku kuwa 1.025, don haka na daɗin yana yawo ne a saman na gishiri a cikin yashi. Wannan ɗan bambanci na haifar da lissafin ɗaya bisa arba'in: duk mita ɗaya da ruwan rijiya ya ɗara teku tsayi, akwai kimanin mita 40 na ruwan daɗi a ƙarƙashi. Juya lissafin: ka saukar da ruwan rijiyar da rabin mita na dindindin, iyakar gishiri za ta iya hawowa mita 20. A ƙarƙashin famfo mai ƙarfi gishirin kan taso kamar tsinin malfa ya nufi bakin bututun.

Kuma kaɗan ya isa. Ruwan teku na da kimanin miligiram 19,000 na kuloraid, wato sinadarin da ke cikin gishiri, a lita, mizanin ruwan sha na Najeriya kuwa 250 ne. Kashi ɗaya da ɗigo uku cikin ɗari na ruwan teku ya isa ya kai rijiya wannan iyaka.

Masu haƙa na ƙwarai sun san matakan. Kafin haƙa ana auna yadda ƙasa ke ƙin wucewar lantarki ta hanyar kafa ƙarafa huɗu a layi ana nisanta su. Yashi mai ruwan daɗi na ƙin lantarki, mai gishiri na barinsa ya wuce. Tarkon shi ne yumɓu ma yana barin lantarki ya wuce, don haka awon sama kaɗai na iya rikita su, sai an sake saukar da na'ura cikin ramin bayan haƙa kafin a yanke inda za a sa bututu mai tsaga. Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen toshewa. Idan ramin ya ratsa shimfiɗa mai gishiri kafin ya kai mai daɗi, dole a cika tsakanin bututu da bangon rami da siminti daidai wurin yumɓun da ya raba su. Mai haƙan da ya zuba tsakuwa tun daga ƙasa har sama don rage kuɗi ya buɗe wa gishiri da ruwan masai hanya zuwa shimfiɗar da dukan maƙwabta ke sha. Burtsatsen da aka yi watsi da shi ba a cike ba, aikin da yake yi ke nan dare da rana.

Mai burtsatse na iya sa ido da kansa. Ƙaramar na'urar awon gishirin ruwa mai kamar biro ba ta da tsada. A auna sau ɗaya a wata, a rubuta, a kuma auna zurfin ruwa da safe kafin a kunna famfo. Lambar da ke hawa wata bayan wata ta fi lambar rana ɗaya muhimmanci. Idan ta fara hawa, famfo ƙarami mai aiki sa'o'i da yawa ya fi babba mai zuƙa da ƙarfi na ɗan lokaci, domin zurfin faɗuwar ruwa ne ke jawo gishiri. Jan ruwan da ke ɓata tayil da fararen kaya a Lekki kuwa ƙarfe ne, wani ciwo daban: ana shaƙa wa ruwan iska a tace da yashi. Wannan tacewa ba ta cire gishiri ko kaɗan.

Yashi da bakin teku

Zaizayar gaɓar Legas ta girmi maganar ɗumamar yanayi. Igiyoyin Tekun Atilantika na zuwa ne daga kudu maso yamma, suna tura yashi daga yamma zuwa gabas. A farkon ƙarni na ashirin, daga wajen 1908, Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun dutse a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. Yashin ya taru a yamma, gabas ta shiga yunwa, Bar Beach, bakin tekun Victoria Island, ta yi ta cinyewa shekara da shekaru duk da yashin da ake ta zubawa. Aikin Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku ake ginawa, da katangarsa da aka tsara ta kai kilomita 8.5 ta duwatsu da curin kankare masu tan biyar-biyar, ya kare Victoria Island. Amma katanga ba ta haifar da yashi, kuma ƙauyukan gabas irin su Okun Alfa sun ga teku ya cinye musu gidaje da titi. Ambaliyar teku ta Kuramo a Agustan 2012, wadda ta yi kisa, tana cikin tarihin wannan gaɓa.

Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na cin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a shekara, kuma a 2023 ta ce kusan tan biliyan 6 daga ƙarƙashin ruwan teku da gaɓa ake yaso shi. A Legas yawancin yashin ciko daga tafki ake zuƙo shi, wato babban ruwan cikin birnin da ke haɗe da teku. Ramin da aka bari na jawo bakin gaɓa ya zame, fadamar da aka cike kuma ta daina riƙe ruwan sama. Mita biyu na cikon yashi na da nauyin kusan tan uku da rabi zuwa huɗu a kan kowace murabba'in mita, an ɗora a kan taɓo. Ƙa'ida ita ce a bar shi ya zauna watanni, ko a ƙara masa nauyi na wucin gadi tare da soka magudanai na tsaye don ruwan yumɓu ya fita da wuri, a kafa faranti ana auna saukarsa har ta lafa. Mai sayar da fili da ke son kuɗinsa bana ba ya jiran wannan.

Ranar da komai ya haɗu

Ambaliyar Legas ta fi muni idan abubuwa uku suka zo tare. Na farko ruwan sama mai ƙarfi, irin na 10 ga Yulin 2011 da ya haura milimita 200 a yini guda. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan murabba'in mita, don haka milimita 100 a kan fuloti mai murabba'in mita 600 lita 60,000 ne, jarka 2,400. In an shafe harabar da siminti, duka titi za su fita. Iska kuma na ƙara riƙe tururi da kimanin kashi 7 cikin 100 a duk digiri ɗaya na ƙarin zafi, shi ya sa ruwan ke ƙara zuwa a dunƙule.

Na biyu cikar teku. Teku na cika sau biyu cikin kimanin sa'o'i 24 da minti 50, kuma cikar ta fi girma a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Mai bin lissafin watan Musulunci yana da jadawalin a kansa. Yawancin magudanan Legas gangara kawai suke bi zuwa tafki, ba injin da ke tura su. Idan tafki ya cika ya rufe bakinsu, ruwa sai ya tsaya ko ya dawo baya, ko da an kwashe shara tas. Hana robar abinci ta sitairofom da jihar ta yi a Janairun 2024 ya taimaki kwatoci, amma bai ƙara wa ko ɗaya gangara ba. Magudanar da ta sauka santimita 20 a tsakiya ta zama kwatarniya.

Na uku ya shafi 'yan kasuwar Mile 12 da masu shanu a Kara kai tsaye: kogin Ogun. Idan madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta ta cika a Satumba da Oktoba aka saki ruwa, yana gangarowa ta Isheri, Kara, Agiliti, Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu, ko da ba a yi ɗigo a Legas ba. Wannan ambaliya ce mai ba da sanarwa, kwanaki take yi tana hawa.

Taswirar tudu da gangare ma an gano tana da kuskure. Wadda aka daɗe ana amfani da ita daga radar kumbon Amurka ce ta 2000, kuma a birane tana ɗaukar saman rufi da bishiya a matsayin ƙasa. Da masu bincike na ƙungiyar Climate Central ta Amurka suka gyara ta a 2019, adadin mutanen duniya da ke cikin haɗarin ambaliyar teku ya ninka kusan sau uku. A gari mai shimfiɗe kamar Lekki, kuskuren mita ɗaya ko biyu shi ne bambancin unguwa busasshiya da unguwa cikin ruwa.

Ga mai gini da mai haya

Gini na iya sauka santimita goma bai tsage ba, muddin duka ya sauka tare. Abin da ke karya shi shi ne kusurwa ɗaya ta riga ɗaya. Injiniyoyi na da ma'auni tun shekarun 1950: bambancin ɗaya cikin 500 ana ɗaukarsa lafiya, a ɗaya cikin 300 bango ke fara tsagewa, wato santimita ɗaya a tsawon mita uku, a ɗaya cikin 150 kuwa ginshiƙai da bim sun shiga haɗari.

Tsagar zaman ƙasa tana da kama. A karkace take, tana bin layin bulo kamar matakala, tana tashi daga kusurwar taga ko ƙofa, gefe ɗaya ya fi faɗi, kuma ana ganinta ciki da waje. Ƙofofi na fara cijewa. Siririyar tsagar filasta mai kamar saƙar gizo ba ita ba ce. A shafa ɗan siminti ko a manna siririn gilashi a kan tsagar, a rubuta kwanan wata. In ya fashe, tana motsi. Lebur ɗin tiyo na magina ya isa a sa alama a kusurwoyi huɗu a riƙa dubawa duk wata uku. Tsagar da ta wuce milimita 5 tana buƙatar injiniya, wadda ta kai 15 zuwa 25 kuma babbar magana ce, ba ta mai filasta ba.

Kada kuma a ɗora wa ƙasa laifin mutane. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40, kuma abin da bincike ya nuna ya shafi ƙa'idojin gini da ingancin aiki ne. Saukar ƙasa tana neman ginin da dama an rage masa rodi da siminti ne ta ƙarasa shi. Gwajin ƙasa kafin gini, da soka mazugin ƙarfe da haƙa ramin samfuri har wajen mita 30 ga bene a yankin fadama, shi ke nuna ko faffaɗan tushe zai isa ko sai turaku, da kuma zurfin da turakun za su kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a siririn yashi mai ƙwari a mita takwas ko goma, alhali taɓo na kwance a ƙarƙashinsa. Kuma inda ƙasa ke sauka, tana kama jikin turke tana jansa ƙasa, nauyin da dole a sa a lissafi.

A 30 ga Yulin 2025 Amurka da Indiya suka harba tauraron NISAR. Radarsa na da igiya mai tsawon santimita 24, wadda ke ratsa ganye ta taɓa ƙasa, kuma shi ma duk kwana 12 yake dawowa, bayanansa a buɗe. Fadamun Lekki da Epe da Badagry da Sentinel-1 ke bari fanko za su fara fitowa a taswira. Abin da zai mai da hotunan nan lambobin da injiniyan magudana zai yi aiki da su yana ƙasa: tashoshin GPS a Ikeja da Apapa da Lekki, ma'aunin teku da ba ya yankewa, da rijiyoyin sa ido da ake auna zurfin ruwansu duk wata a kowace shimfiɗa, a kuma buga sakamakon inda mai haƙa burtsatse zai gani.